Telan Da Aka Sa Wa Hular Kwano

Su uku ne, duk mata, sana'arsu kuwa wayarin: su tsaga bango, su binne bututu, su ja waya, su ɗaura soket da makunni, su haɗa akwatin fis, wuta ta kawo. Gajera ce shugaba. Motar aikin tata ce, ita ke tuƙi, ita ke da takardar ƙwarewa, ita ce kuma idan ta ƙwanƙwasa ƙofa aka buɗe, mutane ke leƙa bayanta. Ba sai sun yi ɗage ba ma, domin tsawonta bai kai ya tare wa kowa gani ba. Ta biyunsu Maman Biyu, mace mai jiki da baki, wadda in ta riƙe guduma bango ke shiga taitayinsa. Ta ukun Mai Tsani, siririya, ba ta cika magana ba, ba ta kuma samun natsuwa sai ƙafarta ta bar ƙasa.

"Ina mai aikin?" Tambayar da ke tarbar su ke nan a kowace ƙofa, ko gaisuwa ba ta riga ta fitowa. Da farko Gajera takan ji zafin tambayar har cikin ranta, ta zaro takardarta tana bayani. Daga baya ta koma yin murmushi ta ce, "Mu ne." Daga baya kuma murmushin ya ƙare, "mu ne" ɗin ya rage shi kaɗai.

Masu ƙin su kai tsaye ba su ne matsala ba, su kam aƙalla ba sa ɓata wa mutum lokaci. Masu yabo su ne bala'i. Akwai wanda zai tafa hannu ya ce kai, lallai mata sun waye, ya kira matarsa da 'ya'yansa su zo su gani, a ɗauki hoto, a kawo ruwan sanyi, sannan ya ba su kwan fitilar baranda su canza. Babban aikin kuwa, na gidan gaba ɗaya, ai ya riga ya yi wa wani alkawari, ku yi haƙuri. Akwai mai tsayawa a kansu tun safe, hannu a baya, yana tambaya ko sun tabbata sun kashe wutar. Wani ma cewa ya yi shi ba ƙwarewarsu yake shakka ba, tsoronsa mata uku a wuri ɗaya, kada faɗa ya kaure a bar masa gida a tsage. Maman Biyu ta ce masa, "Ranka ya daɗe, mu sai mun tashi aiki muke yin faɗanmu." Bai gane wasa take yi ba, bai kuma sake kiran su ba.

Mahaifin Gajera tela ne, ko a ce tela ne a da, don a kan keken ɗinki ya tsufa. Dogo ne mai faɗin kafaɗa da furfura mai kyau, irin mutanen da in sun shigo ɗaki ake gyara zama ba a san dalili ba. Gajera ba ta ɗauko komai nasa ba, mahaifiyarta ta biyo, wadda ta rasu tun kafin ciwon ya same shi. Shanyewar ɓarin jiki ne. Ya zo ya kwantar da shi, daga baya ya sakar masa hannu da ƙafa, amma ya tafi da harshensa da mafi yawan tunaninsa. Yana iya tafiya a hankali, yana iya cin abinci in an sa masa cokali a hannu. Sunan 'yarsa ya ɓace masa. Abin da ya rage a bakinsa kalma biyu ne, waɗanda yakan faɗa a da in ya gwada wa mutum ɗinki ya ja baya ya dube shi: "Ya zauna." Tef ɗin awonsa kuma ba ya yarda a cire masa shi daga wuya.

A wurin Gajera yake zaune, wata maƙwabciya ke kula da shi da rana. Ranar da maƙwabciyar ta tafi jinyar 'yarta ba shiri, Gajera ta rasa yadda za ta yi, ta sa masa riga mai kyau ta zaunar da shi a gaban mota. Wani shago za su je dubawa, wanda ake son mayarwa wurin sayar da magani. Ta ce masa ya jira a mota, bai jira ba. Tana cikin faɗar "mu ne" sai ta ga idon mai shagon ya wuce ta saman kanta kamar kullum, sai dai wannan karon ya sami wurin sauka.

"A'a, Injiniya! Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Shigo daga ciki."

Baba ya shiga. Ya nufi bango, inda wani tsohon bututu ya bi, ya ɗora babban yatsansa a kai ya bi shi a hankali, yadda yakan bi bakin ɗinki yana neman inda zare ya yi tsalle. Mai shago na biye da shi yana zuba bayani. Baba bai ce uffan ba, shirun nan kuwa shi ya ƙarasa mai shagon. Mutumin ya juyo ya ce wa Gajera ƙasa-ƙasa, "Tsofaffin hannu ke nan, ba su da yawan magana." Ya ba su aikin shagon duka.

A mota suka yi ta dariya har Maman Biyu na share hawaye. Gajera ma ta yi. Tana tunawa da ta yi, domin ba ta sake yin dariya a kan zancen ba.

Ba wanda ya zauna ya shirya abin. Maƙwabciya ta dawo, amma ranar zuwa ganin sabon aiki sai a ga gara a tafi da Baba, ai ya sha iska. Sai kuma ranar miƙa aiki. Sai ga Maman Biyu da farar hular kwano, wai kada wani abu ya faɗo masa a ka. Mai Tsani ta kawo kujera mai naɗewa. Ƙarya kuwa, Gajera takan gaya wa kanta, ita ba ta taɓa yi ba. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce injiniya ne ba. In aka tambaye ta takan ce, "Mahaifina ne," mutane su ce ai da gani babu tambaya, a gida kika gada. Ita dai ba ta gyara musu.

Aiki ya buɗe. Gidaje, shaguna, har da wata makaranta. Masu tsayawa a kansu suka daina, sun koma gindin kujerar Baba suna ba shi labarin siyasa da tsadar siminti, shi kuma yana gyaɗa kai. In an gama, a kama hannunsa a zaga da shi, ya bi bango da yatsa, ya ja baya ya ce, "Ya zauna." Sai ka ga mai gida ya sauke ajiyar zuciya. Wayar da Gajera ta ja, ta gwada, ta sake gwadawa, ba ta zama abin yarda sai tela ya shafa fentin da ke kanta.

Ya kamata abin ya ƙona mata rai. Ta jira ya ƙona, bai ƙona ba. Da safe takan haɗa masa ruwan wanka, ta ba shi shayi da burodi da ƙwayoyin maganinsa, ta ɓalla masa maɓallan riga. Sannan ta loda mota: tsani, akwatin kayan aiki, naɗin waya, kujera, Baba. Wata rana ta kama kanta tana lissafa shi cikin kayan, a zuci, don kada a manta da wani abu. Ta tsaya riƙe da makulli tana jiran kunya ta zo. Da ta ga shiru, sai ta tayar da mota.

Tana da yaya namiji a wani gari, ma'aikacin ofis, wanda yakan zo ƙarshen wata da ledar lemo da ayaba da tarin shawarwari. Shi ya ga hoton. Wani da suka yi wa aiki ne ya ɗauka ya sa a intanet: Baba a tsakiya da hular kwano, tef a wuya, mata uku a gefensa. A ƙasa an rubuta wai ga dattijon injiniyan da ya sadaukar da rayuwarsa wajen koya wa mata sana'a. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Wata ma ta rubuta cewa da ana samun maza irinsa, da mata sun yi nisa.

Yaya bai kira a waya ba, takowa ya yi da kansa a tsakiyar mako. Ya same ta a ƙofar ɗaki tana naɗe waya, ya miƙo mata tasa wayar ta hannu har kusa da hanci.

"Mene ne wannan?"

"Hoto ne."

"Na san hoto ne. Ke Gajera, mahaifin namu kika mayar allon talla?"

"Iska yake sha, Yaya. Zaman ɗaki ba ya yi masa kyau."

"Da hular kwano ake shan iska? Mutumin da likita ya ce kada ya wahala, kada ya daɗe a rana, kada ya hau bene? Kina wurin aka faɗa, ko ba kya nan?"

"Ina nan. Ni kaɗai ce ma nake nan."

Wannan ta same shi. Sai dai Yaya ba mugu ba ne, abin da ya ƙara dagula lamarin ke nan. Da mugu ne da ta sami abin riƙewa. Ya zauna a kan akwatin kayan aikinta, ya sassauta murya.

"Na san kin yi ƙoƙari. Wallahi na sani. Amma ki gaya mini tsakaninki da Allah, in na ce zan tafi da shi wurina, don me za ki hana? Don shi, ko don aikin?"

Ta buɗe baki. Ta san amsar da 'ya ta kirki ke bayarwa, tana nan a kan harshenta. Amma da ta leƙa cikin ranta ta duba ko gaskiya ce, ba ta ga komai ba. Ba wai aikin ta gani ba. Wurin ne kawai wayam, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

"Ranar Asabar zan zo da mota," in ji Yaya. "Akwai ɗaki a ƙasa, matata na gida, yara za su ɗebe masa kewa. In kina da hujja ki tanade ta, zan saurare ki."

Kafin Asabar ɗin akwai Alhamis, ranar da za su miƙa aiki mafi girma da suka taɓa samu, wani ƙaramin otal mai hawa huɗu. Mai otal ɗin yana da wani gini da ya fi wannan a ɗaya gefen garin, ya kuma ce a ranar zai yanke shawarar wa zai ba wayarin ɗinsa. Ana gobe za a je, suna wanke hannu a bayan mota, Maman Biyu ta ce, "Shugaba, mutumin nan fa ya ce lallai Injiniya ya zo. A ƙasa zai zauna, a kujerarsa, a inuwa. Wa zai sa tsoho hawa bene?"

"Ba a haɗa lif ɗin hawa sama ba tukuna," in ji Mai Tsani, ba tare da ta ɗago ba.

Suka ci gaba da wanke hannu. Maman Biyu na da yara biyu a makaranta, Mai Tsani na da uwa da ƙanne, kowa ya san nauyin da ke kan kowa.

Ginin cike yake da maza, magina da kafintoci da masu fenti da masu tayil. Watanni ke nan suna aiki tare, sunan matan a bakinsu "yaran Injiniya". Mai otal ya iso da hantsi tare da wasu abokansa biyu. Mutum ne mai fara'a, ba shi da wulaƙanci, har ya tambayi matan gajiyar aiki. Sannan ya wuce wurin Baba ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Injiniya, yau kam da kanka za ka zaga da ni. Hawa-hawa, har sama. In ka ce ya yi, wancan ginin naku ne."

Gajera na tsaye kusa da su. Maganar da ya kamata ta faɗa ba ta da tsawo: ba ya iya hawa bene. Ba sai ta ce tela ne ba, wannan kaɗai ta isa. Amma ta hango tambayar da za ta biyo baya, to in ba ya hawa, wa ke duba aikin sama duk watannin nan? Ta hango ta sarai, ta hango fuskar da za a yi mata ita. Sai ta matsa ta kama gwiwar hannun Baba.

Hawan farko bai ba shi wuya ba. Ta buɗe akwatin fis tana bayanin wane layi ke ɗauke da na'urar sanyaya ɗaki, wane ke ɗauke da fitilu. Mai otal na cewa to, to, amma idonsa na kan Baba. Baba ya bi bango da yatsa, ya ja baya, ya ce ya zauna. Abokan suka gyaɗa wa juna kai.

A hawa na biyu ta ji nauyinsa ya fara dawowa kan hannunta. A na uku zufa na gangarowa daga ƙarƙashin hular, ƙafarsa ta hagu ta daina ɗaguwa sosai, takalmin na gurzar kowace matakala. Mai Tsani ta biyo su da kujerar, ta buɗe ta a bakin ƙofa. Mai otal ya yi dariya ya ce, "Wa ya ce miki ya gaji? Ai mutanen da ƙarfe ne, mu ne dai ragwaye." Ya ja hannun Baba suka wuce kujerar. Gajera na jin numfashin mahaifinta a gefen kunnenta, yana fita da wani ɗan sauti. Ta saurare shi yadda take sauraren akwatin wuta in yana tsiwa inda bai kamata ba. Ta san akwai matsala, ta lura da ita, ta kuma ci gaba da takawa.

A hawa na ƙarshe Baba ya ɗora hannu a bango, amma bai bi da yatsa ba. Dafawa ya yi. Bai ja baya ba. Leɓunansa na motsi, ba abin da ke fita. Kowa ya yi tsit ana jira, masu fenti ma sun tsaya da burushi a hannu. Fara'ar mai otal ta soma janyewa.

"Lafiya? Akwai matsala ne a nan?"

Gajera ta yi ɗage ta kai bakinta kusa da kunnen mahaifinta, kamar mai gyara masa wuyan riga. Ta ji muryarta na cewa, "Baba, ka ce ya zauna." Har ta ɗan matsa masa hannu.

Ya faɗa. Da ƙyar aka ji, amma an ji. Mai otal ya tafa hannu, abokansa suka taya shi. Ana cikin tafin gwiwoyin Baba suka lanƙwashe, ya sulale a jikin bango har ƙasa.

Mazan nan da ba su taɓa ɗauke wa matan ko naɗin waya ba suka taso a guje. Suka ɗora shi a kujerar, mutum huɗu suka ɗauka, suna sauka suna cewa a hankali da Injiniya, a hankali. Sun yi masa kirki ƙwarai, ba za a ɗauki alhakinsu ba. Gajera ta biyo su a baya riƙe da hular. A bakin ƙofa mai otal ya tsayar da ita, hankalinsa a tashe.

"Laifina ne, ni na matsa masa. Allah ya ba shi lafiya. Wancan ginin naku ne, kin ji? Sai a sa masa kujera a ƙasa, ba sai ya hau ko'ina ba. Idonsa kawai muke so."

"To," in ji ta.

A asibiti likita ta ce ba ciwon ne ya dawo ba, an yi sa'a. Jininsa ne ya hau, ga gajiya. Ta tambayi abin da yake yi kafin ya faɗi.

"Bene ya hau."

"Wa ya bar shi ya hau bene?"

"Ni."

Likitar ta ɗago ta dube ta, tana jiran hawaye ko uzuri, don ɗaya daga ciki ta saba gani. Gajera ta so ta ba ta ko da ɗaya ne. Ta tsaya tana kallon fentin da ya bushe a farcenta har likitar ta gaji ta mayar da kai kan aikinta.

Washegari, kafin a sallame su, ta fita baranda ta kira mai otal. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce mahaifinta tela ne, bai taɓa riƙe wayar wuta ba tun da aka haife shi. Duk wayar da ke cikin otal ɗin nan su uku suka ja. Ya yi dariya da farko. Da ya ji ba ta taya shi ba, sai ya daina.

"To wa ya duba aikin?"

"Ni."

"Ke kaɗai?"

"Ni da takardata."

Ya gyara murya. Sannan ya ce ba komai, ai yana ganin ƙoƙarin mata, shi mutum ne mai son ya ga an ba mata dama. Zai dai sa wani ya zo ya sake leƙa aikin, ba don wani abu ba, don hankali ya kwanta. Maganar wancan ginin kuma zai neme su. Gajera ta daɗe a sana'ar nan, ta san ma'anar "zan neme ku".

Ta kira Maman Biyu ta gaya mata. Ta zaci za a yi mata ruwan masifa. Maman Biyu ta ja dogon numfashi ta ce, "Haba Shugaba, da kin bari mun fara tukuna." Can kuma ta ce, "Ya jikin Baban?"

Ranar Asabar Yaya ya iso da safe, da alama ya yi ta shirya hujjojinsa a hanya. Ya tarar da jakar Baba a bakin ƙofa, an haɗa komai, riguna a ninke, magunguna a leda daban. Ta gaya masa zancen benen tun kafin ya zauna, ba ta rage komai ba. Ya dube ta, ya dubi jakar, bai yi faɗa ba. Ya ɗauki jakar ya kai but ɗin mota.

Suka fito da Baba, Yaya na riƙe da hannunsa. Motoci biyu ne a bakin titi, ta Yaya da ƙofarta a buɗe, sai motar aiki a gabanta, tsani ɗaure a sama. Suna saukowa daga dandamali Baba ya zare hannunsa. Ya taka a hankali, yana jan ƙafar hagu, ya wuce buɗaɗɗiyar ƙofar ko kallo ba ta ishe shi ba. Ya je ya kama marikin ƙofar gaba ta motar aiki. Ya miƙe kafaɗunsa, ya gyara tef ɗin wuyansa da ɗaya hannun, ya tsaya yana jira a buɗe masa.

"Baba, nan ne," in ji Yaya. "Wannan za mu shiga."

Bai motsa ba. Yaya ya zo ya lallashe shi, ya kama wuyan hannunsa ya ja a hankali. Yatsun da suka tsufa a kan almakashi ba su saki ba. Da Yaya ya ƙara ja, Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro, ba magana ba, ba kuka ba, ya juyo yana neman Gajera da ido.

A nan abin ya zo mata, a tsaye a bakin titi da rana tsaka. Duk tsawon lokacin nan tambayar da ake yi, har ita kanta, ita ce me ta samu da shi. Ba wanda ya taɓa tambayar me shi ya samu. A gida cokali ake sa masa a hannu, a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. A wurin aiki kuwa maza ke miƙewa in ya shigo, a gaishe shi da hannu biyu, a yi tsit ana jiran abin da zai ce. Tun da ciwon ya same shi, a can ne kaɗai ake jiran maganarsa. Ta yi amfani da shi, gaskiya ne, ta kusa kashe shi, gaskiya ne, ga shi kuma yau za ta raba shi da wuri ɗaya da ya rage masa. Tausayinsa ya rufe ta. Ta fi son shirun zucin da ta saba da shi sau dubu a kan wannan.

"Sake shi, Yaya," ta ce.

Ta share fuska da hannun riga. Ta je gaban Baba ta ɗan rusuna, yadda ta ga masu gidaje na yi masa, ta kira shi da sunan da ba ta taɓa kiran sa da shi ba.

"Injiniya, ranka ya daɗe. Yau wannan motar aka aiko maka. Aikin na nesa ne, ana can ana jiran ka."

Ya dube ta, ya dubi motar Yaya. Yatsunsa suka saki. Bai yarda kowa ya riƙe shi ba, da kansa ya taka ya shiga gaba, ya zauna a miƙe, hannu a kan gwiwa. Yaya ya kawar da kai, ya daɗe yana lalubar makullin da ke hannunsa.

Motar ta tashi. Gajera ta ɗaga hannu, amma Baba bai waiwayo ba. Idonsa na kan hanya, kada ya makara.